Kisa cikin ladabi: Abin da ya hana tsofaffin finafinan barkwancin Birtaniya tsufa

A shekarar 1949, lokacin da mutanen Birtaniya ke sayen nama da sukari da katin rabo saboda ƙuncin da Yaƙin Duniya na Biyu ya bari, kamfanin shirya finafinai na Ealing da ke yammacin Landan ya saki fim mai suna Kind Hearts and Coronets. Labarin wani matashi ne da ya ƙudiri aniyar kawar da dangin mahaifiyarsa ɗaya bayan ɗaya, amma an tsara shi ne don a yi dariya. Bayan shekara 50, Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanya shi na shida a jerin fitattun finafinan ƙasar guda 100.

Jarumin labarin, Louis Mazzini, ɗan wata mata ce daga gidan sarautar D'Ascoyne. Danginta sun yafe ta saboda ta auri mawaƙi ɗan Italiya, kuma da ta rasu suka hana a binne ta a maƙabartar gidansu. Louis ya ƙirga, ya ga mutum takwas ne tsakaninsa da sarautar. Shida ya aika barzahu da hannunsa, biyu kuma ajali ya riga shi. Duk wanda ya san yadda gadon sarauta ke raba 'yan uwa ba ya buƙatar tafinta a nan.

Sirrin fim ɗin yana cikin murya. Dennis Price, wanda ya fito a matsayin Louis, yana ba da labarin ta'asarsa cikin natsuwa da zaɓaɓɓun kalmomi, tamkar mai karanta jawabin godiya a wajen walima. Ba ya ɗaga murya, ba ya gaggawa. Ya zuba wa limamin coci guba a giya bayan ya saurari dogon surutunsa cikin haƙuri, ya kuma harbo balan-balan ɗin da ke ɗauke da Lady Agatha da kibiya daga taga. Ladabin da manyan gidan suka raina shi da shi, shi ya koya har ya fi su iyawa, sannan ya juya musu shi. Darakta Robert Hamer ya ƙara da wata dabara: Alec Guinness ne ya fito a matsayin duka takwas ɗin, har da macen. Da yake fuska ɗaya ce ke mutuwa tana dawowa, mai kallo ba ya makoki. Abin da yake gani gida ne mai girman kai yana rushewa.

A 1955 kamfanin ya juya lamarin a The Ladykillers, wanda Alexander Mackendrick ya ba da umarni. 'Yan fashi biyar, ƙarƙashin Farfesa Marcus (Guinness ne dai), sun kama haya a gidan wata tsohuwa, Misis Wilberforce, kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross. Suka ce su makaɗa ne. Suna kunna faifai a ɗaki suna shirya satar fam 60,000, ita kuma tana ƙwanƙwasa ƙofa da butar shayi. Da asiri ya tonu, ba ta yi kururuwa ba. Faɗa ta yi musu kamar yaran da suka saci mangwaro, ta ce sai an mayar da kuɗin. Suka yanke shawarar kashe ta, aka rasa mai ƙarfin halin. Sai suka koma kashe juna, ana jefa gawarwaki cikin taragon jiragen kaya da ke wucewa ta bayan gida. Katie Johnson, wadda ta haura shekara 70 a lokacin, ta ci kyautar BAFTA da wannan rawar.

A ganina, fim na biyu ya fi na farko cizo. Tsohuwar ba ta da makami sai tabbacin cewa ita ce mai gaskiya, kuma wannan ya isa ya ga bayan ƙarti biyar. Da ta je ofishin 'yan sanda ta faɗi abin da ya faru, sai suka ɗauka ruɗin tsufa ne, suka lallashe ta da cewa ta riƙe kuɗin.

'Yan uwan nan biyu na Amurka, Joel da Ethan Coen, sun sake shirya labarin a 2004 da Tom Hanks, suka kai shi jihar Mississippi. Sun cika shi da ashar da hayaniya, kuma nan ya rasa gishirinsa, domin barkwancin asali ya dogara ne a kan mutanen da ba za su iya ƙin kofin shayi ba ko da suna shirin kisa.

Amurkawa sun taɓa yi wa fim ɗin 1949 irin wannan gyara. A ƙarshensa an saki Louis daga kurkuku, inda aka tsare shi kan kisan da bai yi ba, sai ya tuna a bakin ƙofa cewa ya manta da littafin da ya rubuta duk laifukansa a ciki. A nan Hamer ya tsaya. Dokar tace finafinai ta Amurka ba ta yarda mai laifi ya sha ba, don haka aka ƙara wani ɗan gajeren fage da ke nuna an tsinci littafin.