Yadda kwamfuta ke gano abin da ke girgiza famfo

Duk wanda ya kalli ruwan da ke kwarara daga bakin injin tura ruwa zai ɗauka cewa a natse yake tafiya tun daga mashiga har mafita. Amma a can cikin injin, matsin ruwan kan hau ya sauka fiye da sau ɗari a cikin sakan guda.

Wannan hawa da sauka, wanda ido ba ya gani, na daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa ƙara da girgiza a injin, da cinyewar boris, da yoyo, har ma da tsagewar bututu.

A da, sai an ƙera injin an gwada shi kafin a san irin girgizar da zai yi. A yanzu kuwa injiniyoyi na amfani da kwamfuta wajen kwaikwayon tafiyar ruwan, su ga inda matsalar take tun kafin a narka ƙarfe.

Yadda famfo mai farfela ke aiki

Irin injin da ake magana a kai shi ne famfo mai farfela, wanda ya fi kowane irin famfo yawa a masana'antu.

Shi ne ake amfani da shi a gidajen ruwa da matatun mai da tashoshin wutar lantarki. Injin ban ruwa da manoman fadama ke ɗauka zuwa bakin kogi irinsa ne, haka ma wanda ake jefawa cikin rijiyar burtsatse, sai dai shi farfeloli da yawa ne aka jera a kan sanda guda.

Ruwa na shiga ta tsakiyar farfela, fikafikanta su juya shi da gudu su wurga shi gefe, kamar yadda majajjawa ke wurga dutse. Daga nan sai ya faɗa cikin wani kwanso mai siffar katantanwa, wanda ke ƙara faɗi sannu a hankali har zuwa mafita. A nan ne gudun ruwan ke raguwa ya koma ƙarfin matsi.

Wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irin wannan famfo mai miƙaƙƙun fikafikai a ƙarshen ƙarni na 17. A baje kolin da aka yi a London a 1851, John Appold ya nuna cewa lanƙwasassun fikafikai sun fi miƙaƙƙu aiki nesa ba kusa ba, kuma a kan haka ake tafiya har yau.

Daga ina girgizar take?

A daidai inda kwanson ya rabu da bututun fita akwai wani tsinin ƙarfe da injiniyoyi ke kira harshe. Aikinsa shi ne raba ruwan da zai fita da wanda zai sake zagayawa.

Ruwan da ke fitowa daga tsakanin fikafikai biyu ba gudunsa ɗaya ba: a gefe guda yana da sauri, a ɗaya gefen kuma yana nawa. Saboda haka duk lokacin da fiffike ya gifta ta gaban harshen, sai matsin ruwa ya yi tsalle ya dawo.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙasashen da lantarkinsu ke juyawa sau 50 a sakan, kamar Najeriya da Nijar, injina da yawa na juyawa kimanin sau 1,450 a minti. Idan farfelar na da fikafikai 6, harshen zai sha bugu sau 8,700 a minti, wato sau 145 a sakan.

Kowane bututu da kowace sandar ƙarfe na da nata saurin karkarwa. Idan saurin bugun ruwa ya zo daidai da shi, sai girgizar ta riƙa ninkuwa, kamar lilon da ake turawa a daidai lokacin da ya dawo. Ƙarfen da ya sha irin wannan lanƙwasa sau miliyoyi kan gaji ya tsage, ko da nauyin da ke kansa bai kai na karya shi ba.

Lamarin ya fi muni idan aka matse mafitar famfo, ruwan da ke wucewa ya gaza wanda aka ƙera shi dominsa. A irin wannan hali wani ɓangare na ruwan kan juyo da baya, guguwoyi su toshe wasu hanyoyin da ke tsakanin fikafikai, toshewar kuma ta riƙa ƙaura daga wannan hanya zuwa waccan.

Sai kuma matsalar kumfar tururi. Ruwa na tafasa ne a zafin digiri 100 a bakin teku, amma idan matsin da ke kansa ya faɗi sosai, yana iya zama tururi ko da yana da sanyi. Hakan na faruwa a mashigar farfela. Da kumfar ta isa inda matsi ya ƙaru sai ta fashe da ƙarfi, ta riƙa cin ƙarfe har ya yi ramuka. Masanin kimiyya Lord Rayleigh ya yi lissafin fashewar irin wannan kumfa tun a 1917.

Darasi daga Japan

A ranar 15 ga watan Nuwamban 1999, Japan ta harba rokar H-II daga tsibirin Tanegashima, ɗauke da tauraron ɗan adam na hasashen yanayi da kula da zirga-zirgar jiragen sama.

Kimanin minti huɗu da tashinta injin ya tsaya, ala tilas jami'ai suka tarwatsa ta daga ƙasa.

A watan Janairun 2000 aka tsamo injin daga ƙarƙashin tekun Fasifik, a zurfin kusan mita 3,000. Bincike ya nuna cewa wani fiffike a mashigar famfon da ke tura makamashin rokar ne ya karye, bayan ya gaji da girgizar da kumfar tururi ke da hannu a cikinta.

An jingine wannan samfurin roka, aka kuma sake fasalin mashigar famfon a injin rokar H-IIA da ta gaje ta, wadda ta fara tashi a 2001.

Yadda ake yin kwaikwayon

Ƙa'idojin lissafin da ke bayyana motsin ruwa sun daɗe da samuwa. Claude-Louis Navier na Faransa ya fito da su a 1822, George Stokes kuma ya kammala su a Ingila a 1845.

Matsalar ita ce ba a iya warware su da alƙalami da takarda sai a 'yan wurare masu sauƙi. Wahalarsu ta kai ga cibiyar lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa ladar dala miliyan ɗaya a shekara ta 2000 ga wanda ya amsa wata muhimmiyar tambaya a kansu.

Dabarar da ake yi ita ce a zana cikin famfon a kwamfuta, a yayyanka sararin da ruwa ke bi zuwa ƙananan gidaje kamar idanun raga. Yawansu kan kai miliyoyi. A kowane gida kwamfuta na lissafa gudun ruwa da matsinsa, tana la'akari da abin da ke shiga da fita daga gidajen da ke maƙwabtaka da shi.

Kwaikwayo mafi sauƙi shi ne wanda ake ɗauka cewa farfela ta tsaya cik a wuri guda, kamar hoto. Wannan kan ba da kimanin yawan ruwan da famfo zai tura da tsawon da zai kai shi, amma ba ya nuna bugun da harshe ke sha.

Domin ganin bugun, sai a yi raga biyu: ɗaya ta farfela mai juyawa, ɗaya ta kwanso mai tsayuwa. Kwamfuta na matsar da ta farfela kaɗan, galibi digiri ɗaya zuwa uku, ta sake lissafin komai, sannan ta sake matsar da ita. Idan digiri ɗaya ne, juyi guda na buƙatar matakai 360, kuma sai an yi juyi da dama kafin sakamakon ya daidaita.

Abin da farfela ke yi cikin ƙasa da sakan guda kan ci wa kwamfuta mai ƙarfi sa'o'i, wani lokaci kwanaki.

Babban ƙalubale shi ne hargitsin ruwa, wato ƙananan guguwoyin da ba su da iyaka. Hanya mai rahusa ita ce a ƙiyasta tasirinsu gaba ɗaya, kamar tsarin da Brian Launder da Brian Spalding suka wallafa a 1974, da wanda Florian Menter ya fitar a 1994, wanda masu nazarin famfuna ke yawan amfani da shi.

Hanya mai tsada kuwa ita ce a lissafa manyan guguwoyin kai tsaye, a ƙiyasta ƙananan kaɗai. Tushen wannan hanya na cikin aikin da Joseph Smagorinsky ya yi kan hasashen yanayi a 1963. Ta fi nuna gaskiyar abin da ke faruwa idan ruwa ya yi ƙaranci a famfo, amma tana cin lokaci da kuɗi.

A ƙarshe injiniya na samun jadawalin hawa da saukar matsi a duk wurin da ya zaɓa, har da wuraren da ba za a iya sa na'urar awo ba. Daga nan ake tantance wane bugu ne na giftawar fikafikai, wane ne kuma na guguwa ko kumfa.

Akwai manhajojin kasuwanci da ke wannan aiki, irin su Ansys Fluent da CFX, da kuma OpenFOAM wadda aka sake ta kyauta a 2004, abin da ya buɗe ƙofa ga jami'o'in da ba su da kuɗin sayen lasisi.

Abin da aka gano

A shekarun 1990 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, cikinsu har da Joseph Katz, sun yi amfani da famfo mai jiki garai-garai da hasken leza wajen ɗaukar hoton motsin ruwa.

A sakamakon da suka wallafa a 1997, sun nuna cewa ƙara tazara tsakanin farfela da harshe zuwa kimanin kashi 20 cikin ɗari na rabin faɗin farfelar na rage ƙara sosai. Idan aka wuce haka, aikin famfon ne ke raguwa ba tare da wata riba ta kirki ba.

A 2002 wasu masana a jami'ar Oviedo da ke Sifen sun wallafa kwaikwayon kwamfuta na karon da ke tsakanin farfela da kwanso, suka kwatanta shi da awon da suka yi a ɗakin gwaji.

Irin waɗannan ayyuka sun taimaka wajen inganta dabaru da dama. Akwai kwanso mai harshe biyu da ke fuskantar juna, domin turin da ruwa ke yi wa sandar farfela daga wannan gefe ya soke na wancan. Akwai karkata bakin harshe ko bakin fiffike, domin kada su haɗu gaba ɗaya a lokaci guda.

A famfunan da ke da tsayayyun fikafikai kewaye da farfela, yawan fikafikan ma abin lura ne. Idan farfela na da 6, tsayayyun kuma 12, duka shidan za su gifta a lokaci guda, bugunsu ya haɗu. Shi ya sa ake zaɓen lambobi irin su 7 da 12.

Amfanin kwamfuta a nan shi ne ana iya gwada siffofi da yawa cikin makonni, sannan a ƙera wadda ta fi.

Kwamfuta ma kan yi kuskure

Sai dai kyakkyawan hoto mai launuka a fuskar kwamfuta ba hujja ba ne. Idan ragar ta yi faɗi, ko matakan lokaci suka yi tsawo, ko aka zaɓi tsarin hargitsin da bai dace ba, sakamakon kan kauce.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada hakan, domin wasu injinan da ake dasa wa masu ciwon zuciya ƙananan famfuna ne masu farfela, kuma gudun da ya wuce kima na fasa ƙwayoyin jini.

Hukumar ta fitar da samfurin famfon jini guda, ta gayyaci ƙungiyoyin masana su yi kwaikwayonsa, sannan ta kwatanta amsoshinsu da awon ɗakin gwaji. An samu bambanci mai yawa a tsakanin amsoshin, duk da cewa famfo ɗaya kowa ya lissafa.

Don haka ƙwararru ba sa amincewa da kwaikwayo sai an tabbatar da shi da awo na zahiri.

Abin da ya rage ga mai amfani

Kowane famfo na da adadin ruwan da ya fi jin daɗin turawa, kuma a nan ne girgizarsa ta fi ƙaranci. Ƙa'idar API 610, wadda masana'antar man fetur ke bi, ta fi son a yi aiki da famfo tsakanin kashi 70 da kashi 120 cikin ɗari na wannan adadi.

Sayen injin da ya fi ƙarfin aikin da za a ba shi, sannan a riƙa matse mafitarsa, na jefa shi cikin yankin da ruwa ke juyowa baya. Kuɗin lantarki ko na mai ya tafi a banza, boris kuma ya mutu da wuri.

Haka ma idan ruwan rijiya ko na kogi ya ja baya da rani. Iskar da ke kewaye da mu ba ta iya tura ruwa sama cikin tiyo fiye da kimanin mita 10, a aikace kuma injin kan fara wahala tun daga mita 7 zuwa 8.

Idan manomi ya ji injinsa na ƙara kamar yana niƙa tsakuwa alhali ruwan ba shi da datti, akwai yiwuwar kumfar tururi ce ke fashewa a ciki. Abin yi shi ne a sauko da injin kusa da ruwa, a rage tsawon tiyon da ke zuƙa, a kuma duba ko matacin da ke bakinsa ya toshe.