Maɓallin Fili da Umarnin Ɓoye: Abin da Ya Kamata Mai Waya Ya Sani

Tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, harkokin jama'a da yawa sun koma cikinta. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, har wanda bai taɓa aika kuɗi ta waya ba sai da ya koya, domin cefane ya gagara sai da ita. Amma har yau akwai dubban mutane masu riƙe da waya mai iya yi musu aiki, suna kuwa biyan wani ya yi musu, saboda ba su ga inda za su taɓa ba.

Alal misali, a ɗauki dattijo mai karɓar fansho a unguwar Federal Low-Cost ta birnin Gombe. Ɗansa ya aiko masa da sabuwar waya. Tsohuwar tana da maɓallai uku a ƙasan fuskarta: na komawa baya, na komawa farko, da na duba ayyukan da ke buɗe. Sabuwar ba ta da ko ɗaya. Rubutunta kuma ƙanana ne, idonsa ba ya ɗauka. Sai ya tafi wurin mai shagon caji ko mai POS a bakin titi, ya miƙa wayar, wani lokaci har da lambar sirrinsa. Nan hatsarin yake. Maganin matsalolinsa biyu yana cikin wayar, sai dai an ɓoye shi.

Hanyoyi Biyu na Ba da Umarni

Kowace waya ko kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, kamar Android ko Windows. Masu tsara ta suna da hanya biyu ta ajiye umarni. Ta farko, a sa maɓalli a fili da suna ko hoto, ido ya gani, hannu ya taɓa. Ta biyu, a tattara umarni cikin jeri a ɓoye, wanda ba ya fitowa sai an ja yatsa daga gefe, ko an danna an riƙe, ko an taɓa wata 'yar alama.

Bambancin kuwa shi ne, maɓallin fili gane shi ake yi, umarnin ɓoye kuwa sai an tuna da shi. Mai shiga kasuwa yana sayen abin da aka baza a kan tebur ko bai yi niyya ba, amma hajar da ke ƙuryar shago sai wanda ya san da ita yake tambaya. Duk da haka ɓoyewar tana da dalili. Fuskar waya ƙarama ce, in aka baza kome a kanta, sai ta rikita mai dubawa. Saboda haka ƙa'idar ita ce, abin da ake bukata kullum ya zauna a fili, wanda ake nema jefi-jefi ya shiga ciki.

Darasi Daga Manyan Kamfanoni

A 1995 ne kwamfutoci masu Windows suka fara zuwa da maɓallin Start a kusurwar hagu ta ƙasa. A 2012 kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 8 ba tare da shi ba, ya ɓoye muhimman umarni a gefen allo. Har ƙwararrun ma'aikata suka riƙa neman inda ake kashe na'urar. Koke ya yi yawa, aka maido da maɓallin a 2013, sa'an nan jerin nasa ya dawo cikin Windows 10 a 2015. A ɓangaren waya, kamfanin Apple ya cire maɓallin tsakiya daga iPhone X a 2017, Android kuma ta kawo tafiya da jan yatsa a 2019. Wannan ya nuna cewa ruɗewar dattijon Gombe ba jahilci ba ce, tsarin ne ya canza ba a sanar da shi ba.

Misali Daga Gida

A 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibai da yawa, musamman na karkara, ba su saba da linzamin kwamfuta ba. A 2017 hukumar ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasa miƙawa. Da haka aka rage yiwuwar ɗalibi ya faɗi don rashin sanin na'ura alhali ya san karatunsa.

Inda Ake Samun Abin da Aka Ɓoye

Ɗaya: alamar layuka uku a kwance, ko ɗigo uku a tsaye, ƙofa ce. In an taɓa ta jerin umarni zai fito.

Biyu: hoton ƙafar inji mai haƙora shi ne wurin saiti. A nan ake ƙara girman rubutu, a nan kuma yawancin wayoyin Android suke ba da damar maido da maɓallai ukun nan. A nan ne kuma ake duba wace manhaja aka ba izinin ganin lambobin mutane da hotuna, a janye izinin in ba a yarda da ita ba.

Uku: jan yatsa daga saman fuska zuwa ƙasa yana fito da tocila da kunna data.

Huɗu: akwai lambobin da ba a rubuta su a jikin waya ba. *#06# tana nuna lambar shaidar wayar, wadda ya kamata a rubuta a ajiye saboda ranar sata. *310# tana nuna kuɗin da ya rage a layi, tun da hukumar NCC ta daidaita lambobin kamfanoni a 2023.

Kira Ga Jama'a

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wanda bai gane ba ya nemi a nuna masa wayar tana hannunsa, ya maimaita da kansa, kada kuma ya faɗa wa kowa lambar sirrinsa. Matasa su zauna da iyayensu ranar da aka sayi sabuwar waya, su gyara musu ita. Ma'aikatu da bankuna masu tsara manhaja domin jama'a kuwa, wajibi ne su sa muhimman umarni a fili, da kalmomin da talaka zai gane, su kuma gwada ta a hannun dattawa kafin su fitar.