In Mota Ta Fara Tari, A Dubi Wuta Tukuna

A cikin watan Yuli na daminar bara mun tashi rangadin makarantu da wata tsohuwar Land Rover, muna ɗauke da takardun jarrabawa na makarantu uku. Bayan mun ƙetare wani rafi, ba mu yi mil guda ba sai inji ya shiga tari, mota tana fizga, har ta mutu. Direbanmu ya rantse kafireta ce. Ya kwance ta a bakin hanya, ya hura, ya mayar, ba ta tashi ba. Sai wajen la'asar wani tsohon direban babbar mota ya tsaya, ya ɓalle murfin distiributa, ya goge cikinsa da gefen rawaninsa, ya ce a buga. Bugu ɗaya ta tashi. Yara kuwa sun wuni a aji suna jira, sai kashegari aka yi jarrabawar.

Mun ga ya kamata mu bayyana wa malamai da ma'aikatan ofis abin da muka koya, domin galibinmu tsohuwar mota mu ke iya saye, kuma kuɗin canja kayan da ba su lalace ba daga albashi ya ke fita. Yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 ba su da distiributa, kwamfuta ke raba musu wuta. Amma tsohuwar Land Rover, da Peugeot 504 irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, inda aka buɗe ma'aikatar a 1975, duk da ita su ke aiki.

Ga yadda abin ya ke. Ƙarfin wutar batir bolt 12 ne, kwayil ke ɗaga shi zuwa wajen bolt 20,000. Aikin distiributa shi ne raba wannan wuta ga fulogai. A cikinta akwai rota, mai juyawa sau ɗaya duk lokacin da inji ya juya sau biyu, tana miƙa wuta bi da bi. A waɗannan motoci biyu jerin shi ne silinda ta 1, ta 3, ta 4, sa'an nan ta 2. In inji mai silinda huɗu yana juyi 3,000 a minti, ana bukatar tartsatsi 6,000, watau ɗari cikin kowace daƙiƙa. In wani ya ɓace, fetur ɗin wannan silinda ba zai ƙone ba. Wannan ne tarin da mu ke ji.

To, in haka ta faru, a fara tuna lokacin da ciwon ya zo. Tarin da ya zo bayan ruwan sama, ko wankin mota, ko da sassafe lokacin raɓa, kusan kullum laima ce. Daga nan a bar inji yana aiki a hankali, a riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, don wutar tana da zafin duka. In aka zare waya inji ya ƙara raurawa, wannan silinda lafiya ta ke. Wadda aka zare sauti bai sake ba, nan laifin ya ke. Sai a kwance fulogin a dubi bakinsa. In ya yi ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Baƙin ƙirin busasshe alamar fetur ya yi yawa ce, mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa. In tarin yana yawo daga wannan silinda zuwa waccan, a tuhumi abin da ya haɗa su duka, watau kwayil, ko rota, ko kwantak, ko murfi. Da dare kuma a buɗe inji cikin duhu. In waya tana yoyon wuta, za a ga shuɗin tartsatsi yana tsalle. Sai wuta ta wanke kanta sa'an nan a taɓa kafireta.

Abokan gaban distiributa uku ne, ƙura da ruwa da mai. Wuta mai ƙarfi haka hanya mafi sauƙi ta ke bi. In ƙurar hunturu ta kwanta a cikin murfi, laima ta same ta, sai wutar ta bi nan ta zurare, ba ta kai ga fulogi ba. In an daɗe haka, ta kan ƙona siririn baƙin layi kamar zanen fensir. Wannan layi gawayi ne, ba ya goguwa, maganinsa sabon murfi. Mai kuma ya kan hau ta jikin sanda in ta ci, ko kuwa makanike ya cika giris. Da zarar ya taɓa bakin kwantak sai ya ƙone, wuta ta yi rauni.

Sabo da haka muna ba da shawara a buɗe murfi sau ɗaya a wata, a goge ciki da waje da busasshen ƙyalle mai tsabta, a duba ko ya tsage. Giris na jikin sandar da ke buɗe kwantak kada ya wuce kan ashana. Tazarar kwantak a waɗannan motoci wajen milimita 0.4 ce, amma a bi abin da littafin motar ya faɗa. Robobin bakin wayoyi, in sun bushe, a canja su. Kada a bari masu wanki su watsa ruwa a kan distiributa, kuma a shiga rafi a hankali da giya ta ɗaya. Waɗansu su kan ɗaure ta tam da leda. In an yi haka don ƙetare ruwa, a cire bayan an haye, gama in iska ba ta shiga, gumi ya kan taru a ciki, a jawo abin da a ke gudu.

Tun daga ranar nan ba mu ƙara fita rangadi ba sai da busasshen ƙyalle, da rota, da kwantak, da fulogi guda a cikin akwatin mota. Muna roƙon kowane malami mai tsohuwar mota ya tanadi nasa kafin damina ta kankama.