DURHAM: GARIN MASU HAƘAR KWAL YA KOMA CIN ABINCI DA BAƘI

A ƙasar Ingila ba yawan jama'a ke sa a kira gari birni ba. Matsayi ne da gidan sarauta ke bayarwa, ko kuwa wanda gari ya gada tun zamanin kaka da kakanni. Shi ya sa akan sami manyan garuruwa masu mutum dubu ɗari biyu waɗanda ba su da wannan laƙabi, ga kuma Durham can arewa maso gabashin ƙasar, wanda mutanensa ba su wuce dubu 50 da 'yan kai ba, amma birni ne tun ɗaruruwan shekaru. 'Yan garin dai "Daram" suke faɗi. Daga Landan tafiyar wajen awa uku ce a jirgin ƙasa, daga Newcastle kuwa ba ta kai minti ashirin ba.

Wanda ya zo ta jirgin ƙasa ya fi kowa morewa, domin kafin jirgi ya tsaya a tasha sai ya bi ta kan wata doguwar gada wadda aka gama a 1857, daga nan kuwa duk garin yana ƙarƙashin idonsa. Kogin Wear ya yi gwiwa ya kusa zagaye wani tudu, a kan tudun ga babbar majami'a da tsohuwar fada mai ganuwa suna fuskantar juna. An soma ginin fadar a 1072, ita kuwa majami'ar an ɗora harsashinta a 1093, aka shekara arba'in ana aiki. A 1986 Hukumar UNESCO ta sa su biyun cikin wuraren tarihi na duniya.

A da limamin wannan majami'a, watau Bishop na Durham, ba limami kaɗai ba ne. Yana da ikon tara mayaƙa, da buga kuɗi, da karɓar haraji, saboda sarakunan Ingila sun sa shi tsaron iyakarsu da Sikotlan. Sai a 1836 aka karɓe ragowar wannan iko. Amma abin da ya ciyar da talakan lardin shekara da shekaru shi ne kwal. A 1923 masu aikin haƙar kwal a lardin Durham sun kai wajen dubu 170. Daga nan abin ya yi ta ja da baya, aka yi babban yajin aikin 1984 zuwa 1985 ma'aikata ba su yi nasara ba, kafin ƙarshen 1994 kuma babu ramin kwal mai zurfi ko ɗaya da ya rage yana aiki a lardin.

To, da kwal ya tafi, da me gari zai rayu? Amsar da Durham ta samu ita ce baƙi, kuma iri biyu ne: ɗalibai masu zuwa su yi shekara uku ko huɗu, da 'yan yawon buɗe ido masu zuwa su yi kwana ɗaya ko biyu. Kusan duk canjin da aka yi a garin cikin shekarun nan, idan aka bi diddiginsa, domin ɗayan biyun nan aka yi shi.

Jami'ar Durham an kafa ta a 1832, ɗalibanta a yau sun haura dubu 20. Ba baƙuwa ba ce ga Afirka ta Yamma, gama daga 1876 zuwa 1967 Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo tana haɗe da ita, 'yan Nijeriya da dama da suka yi karatu a Firitawun takardar digirin Durham suka riƙe, cikinsu har da Farfesa Kenneth Dike wanda ya shugabanci Jami'ar Ibadan. Ita tsohuwar fadar nan ma yanzu a hannun jami'a take, ɗalibai ke kwana a ciki, saboda haka baƙo ba ya shiga sai tare da ɗan jagora a lokacin da aka tsara.

Abin da ya fi nuna inda ƙarfi ya koma shi ne labarin sabuwar hedkwatar Majalisar Lardi. An gina ta a bakin kogi, a wurin da ake kira The Sands, a kan kuɗi wajen fam miliyan 50. Kafin a tare a ciki sai zaɓen 2021 ya zo, Jam'iyyar Leba ta rasa rinjayen da ta daɗe tana riƙe da shi (tun 1919 ta fara kama wannan majalisa). Waɗanda suka hau suka ce su ba za su shiga ginin ba. A 2022 aka sayar wa jami'a a kan fam miliyan 84, a 2024 kuma makarantar koyon kasuwanci ta jami'ar ta tare a ciki. Watau ginin da aka yi domin hukumar 'yan ƙasa ya zama ajin ɗalibai, waɗanda da yawansu daga ƙetare suka zo. A zaɓen 2025 majalisar ta sake canza hannu, Jam'iyyar Reform UK ta karɓe ta.

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Legas ko Fatakwal zai gane abin da ke faruwa a unguwannin da ke kusa da tsakiyar Durham. Mai gida ya lura cewa in ya raba gidansa ɗaki-ɗaki ya ba ɗalibai biyar ko shida, abin da zai samu ya fi na magidanci ɗaya da iyalinsa nesa ba kusa ba. Da haka layuka sukutum suka koma na ɗalibai, 'yan gari suka yi ta ƙaura zuwa bayan gari, in an yi hutu kuwa unguwa ta yi tsit. Hukuma ta kafa dokar da ta hana a mai da gida irin wannan masauki sai da izini, amma ta zo bayan an riga an yi nisa. Su kansu ɗaliban ba su tsira ba: a watan Oktoba na 2022 an gan su sun kwana a layi cikin sanyi a ƙofar dillalan gidaje, suna neman ɗakin da ba za su shiga ba sai shekara mai zuwa. Iyayen da ke shirin tura ɗa karatu can ya kamata su sa kuɗin ɗaki a gaban lissafi. Har wa yau, tun watan Janairu na 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban ƙetare masu karatun digiri na biyu zuwa da mata ko 'ya'ya, dokar da ta taɓa 'yan Nijeriya ƙwarai.

Ta wajen kasuwa ma haka abin yake. Kantin Marks & Spencer da ke titin Silver Street ya rufe a 2018, manyan kantuna sun fi son filin bayan gari inda akwai wurin ajiye mota. Gurbinsu gidajen abinci da na shan shayi da kofi ne suka cike. Wata tsohuwar cibiyar kantuna da ke bakin kogi an sake mata fasali aka raɗa mata suna Riverwalk, da gidan silima da gidajen abinci da ɗakunan ɗalibai a sama. Ba duka ne suka yi kyau ba. Babban ginin Milburngate, wanda aka shirya zai ƙunshi otal da silima da gidajen kwana, ya gamu da cikas a 2023 sa'ad da kamfanin da ke aikin, Tolent, ya durƙushe, gini ya kusa ƙarewa amma aka bar shi a kulle. Abin da bai gushe ba shi ne kasuwar cikin rumfa da ke dandalin tsakiyar gari, wadda ke ci tun 1851, inda har yanzu ƙananan 'yan kasuwa ke sayar da nama, kifi, kayan lambu, zare da tarkace.

Wajen zirga-zirga kuwa sai a yaba musu. Hanya ɗaya ce tal, 'yar siririya, mai suna Saddler Street, ke hawa tudun majami'a, motoci da masu tafiya a ƙasa suna ta gogayya a kanta. A watan Oktoba na 2002 aka sa harajin fam 2 a kan motar da ta shiga da rana. Durham ce ta fara irin wannan haraji na rage cunkoso a Birtaniya, Landan ta biyo baya a 2003. Motocin da ke bi ta wurin suka ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Da fari wani turken ƙarfe ne mai fitowa daga ƙasa ke tsare hanyar, ya kuwa fasa ƙarƙashin motoci masu yawa na direbobin da suka yi gaggawa, sai a 2011 aka cire shi aka sa kyamara mai ɗaukar lambar mota. Baƙon da ya zo da mota gara ya ajiye ta a ɗaya daga cikin filaye uku na bakin gari, Belmont, Sniperley ko Howlands, ya hau bas ya ƙarasa. Akwai kuma wata ƙaramar bas mai ɗaukar mutane daga tashar jirgi zuwa ƙofar majami'a, wadda tsofaffi za su gode mata, don garin hawa da gangara ne, titunan kuma na dutse. Sabuwar tashar bas da ke North Road, wadda ta ci fiye da fam miliyan 10, an buɗe ta a watan Janairu na 2024 bayan jinkiri mai tsawo.

Shiga majami'ar ba a tilasta biyan kuɗi, sai dai ana roƙon gudummawa. Hawa hasumiya ne ake biya, matakala 325, mai ciwon gwiwa ya haƙura. A jikin ƙofar arewa akwai wani ƙarfen ƙwanƙwasa ƙofa mai siffar kan dodo, wanda ke da labari. A zamanin da, wanda ya yi babban laifi, ko da kisan kai ne, in ya samu ya kai ga ƙarfen nan ya ƙwanƙwasa, to ya shiga amana, ba mai taɓa shi har kwana 37. Cikin kwanakin nan zai zaɓa, ko ya tsaya gaban shari'a ko ya bar ƙasar. Wanda ke jikin ƙofar yanzu kwaikwayo ne, na ainihin yana ɗakin kayan tarihi na majami'ar wanda aka buɗe a 2016. Yara kuwa abin da ke kawo su daban ne: a farfajiyar wurin aka ɗauki wasu sassa na finafinan Harry Potter na farko.

A 2024 an buɗe wani sabon gidan tarihi mai suna The Story a Mount Oswald, kudu da gari, inda aka tara tsofaffin takardun lardin da kayan rundunar sojan Durham, wadda aka rufe nata gidan tarihin a 2016 mutane suka yi ta ƙorafi. Jami'a tana da gidan kayan tarihin ƙasashen Gabas, da kuma ma'ajiyar takardun Sudan na zamanin mulkin Turawa wadda aka kafa a 1957, masu bincike daga Afirka kan zo dominta. Mai son ganin yadda masu haƙar kwal suka rayu sai ya fita 'yan mil kaɗan zuwa Beamish, inda aka sake gina ƙauye da titunan zamanin da, har da ramin kwal da ake shiga. Bikin fitilu na Lumiere, wanda tun 2009 ake yi duk bayan shekara biyu a watan Nuwamba yana jawo dubban mutane, an ba da sanarwa cewa na 2025 shi ne na ƙarshe.

Musulmin da ya je zai tarar jami'a ta tanadi wurin salla, amma manyan masallatai da shagunan naman halal masu yawa sai Newcastle. A kuma lura da lokaci: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura kwata na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi.

Rana ɗaya ce a shekara garin ke komawa hannun masu shi na da. Ranar Asabar ta biyu a watan Yuli ake taron masu haƙar kwal, wanda aka fara tun 1871. Ko da yake ramukan sun rufe, kowane ƙauye yakan fito da tutar ƙungiyarsa mai zane, da 'yan badujala a gaba, 'ya'ya da jikokin ma'aikatan suna biye, su ratsa ta Old Elvet zuwa tsohon filin sukuwa inda shugabannin ƙwadago ke jawabi. Da la'asar a shiga da sababbin tutoci cikin majami'a a yi musu addu'a. Dubun dubatar mutane ke zuwa, a lokacin kuwa ɗalibai sun tafi hutu. Wanda ke son masauki a wannan mako sai ya kama ɗaki tun da watanni.