Tara ruwan sama a Tambuwal da Kebbe: Inda gizo ke saƙa shi ne ma'aji

Da zarar hadari ya haɗo a Tambuwal ko Kebbe, mata kan jera bokitai da randuna a ƙarƙashin indararo. Tsohuwar al'ada ce, sai dai abin da ake tarawa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da wanda ke kwaranyewa lungu.

Lissafin ba shi da wuya. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ce. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, ko da milimita 600 kaɗai aka samu a damina, zai karɓi lita 36,000, kuma kudancin Jihar Sakkwato ya fi arewacinta samun ruwa. A cire kashi ɗaya cikin biyar na wanda ya fantsama ko ya bushe, saura ya haura jarka 1,100 irin ta 'yan garuwa.

Matsalar ita ce inda za a zuba shi. Ruwa ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta, na milimita 20, zai cika duro shida a wannan rufin. Gida mai duro biyu ya yi asarar huɗu kafin gari ya waye. A yankin arewa maso gabashin Brazil mai fama da fari, rijiyoyin siminti masu murfi da ke cin lita 16,000 aka riƙa gina wa iyalai saboda wannan dalili.

Kada magidanci ya ruɗi kansa: tankin roba mai lita 2,000 ba zai kai shi bazara ba. Gidan da ke cinye lita 100 kullum zai ƙarar da shi cikin kwana 20. Amfaninsa shi ne rage kuɗin garuwa daga Yuni zuwa Satumba, da raya zogale, alayyahu da tattasai bayan ɗaukewar ruwa.

Ruwan farko yakan wanko ƙura da kashin tsuntsaye, don haka a bar shi ya zube ko a karkata shi lambu. Na soron laka ma lambun ya fi dacewa da shi. A sa raga a bakin bututu, a kuma rufe ma'ajin ruf, domin sauro kan ƙyanƙyashe a buɗaɗɗen duro cikin mako guda ko biyu, ga kuma haɗarin faɗawar ƙananan yara. Wanda za a sha kuwa, sai an tafasa shi tukuna.