A-kori-kura mai batir da fetur: shirunta ba ya nufin ba ta hayaƙi

Tun makon jiya wani saƙo ke yawo a WhatsApp, ya faɗo zauren danginmu, ya faɗo na tsofaffin 'yan ajinmu, kowa na turawa gaba. Hoton wata a-kori-kura ce a dokar daji, an kafa tanti a bayanta, fitilu na ci. A ƙasa an jera alkawura: wai ba ta shan mai, wai faifan sola ɗaya a rufinta ya isa ya cika mata batir, wai tana ba da wuta kamar janareta, wai kuma mutum zai iya kunna esi ya kwana a cikinta ko a gindinta har asuba, tunda ta lantarki ce, ba ta da hayaƙi.

Motocin dai akwai su. Kamfanin BYD na ƙasar Sin ya fito da Shark a Meksiko a 2024, ta kuma samu kasuwa sosai a Ostireliya, ƙasar da kwanan daji ya zama al'adar hutu. Ford na ƙera Ranger irin wannan a Afirka ta Kudu, GWM ma na da Cannon Alpha. Kowacce na da batir da ake jona wa caji, kuma kowacce na da injin fetur da salansa. Shark na ɗauke da injin lita 1.5 da batir mai kusan kilowat-awa 30. Ranger injin lita 2.3 da batir mai kilowat-awa 11.8. Wannan kaɗai ya kashe zancen ba ta shan mai: batirin Ranger bai kai ta kilomita 50 ba, daga nan sai fetur. Batun sola kuwa, faifai mai wat 200 abin da yake tarawa a yini kusan kilowat-awa ɗaya ne, wato sai ya yi kusan wata guda kafin ya cika Shark.

Ba da wuta gaskiya ne, kuma shi ne babban amfaninta ga mai kwana inda babu lantarki. A bodin bayanta akwai soket irin na gida, ka jona firij, fanka, tukunyar lantarki, har injin huda ƙarfe. Ranger na iya ba da kilowat 6.9. Ƙaramin firij na tafiya da fitilu da cajin wayoyi ba sa cin wuta da yawa, cikakken batir zai riƙe su kwanaki. Mai gona a nesa da gari ko ɗan kwangilar haƙar burtsatse, idan ya yi sha'awarta, yana da dalili.

Alkawarin ƙarshe shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin shi ne zai iya kai mutum kabari. Mota irin wannan idan an bar ta a kunne, batir ya yi ƙasa, injin fetur yana tashi da kansa ya ƙara masa caji, ba tare da wani ya taɓa maɓalli ba. Haka aka tsara ta. Ka kuma tuna cewa sai ka yi tafiya kafin ka isa masauki. Idan ba ka sa ta a tsarin adana caji ba, batirin ya riga ya zube a hanya. Ka kwanta ƙarfe goma tana shiru, esi na jan wuta, ƙarfe biyun dare injin ya tashi kana barci.

Abin da ke fita daga salansar ya haɗa da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau sama da 200, don haka kaɗan ma ta isa. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya, ya ɗauka zazzaɓi ne. Wanda ke barci sau da yawa ba ya farkawa. Ita ce iskar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda muka sha jin ta hallaka iyali guda a dare ɗaya. Shi ya sa nake jin haushin wanda ya fara tsara saƙon nan: ya kwafi tallar da ta yi masa daɗi, ya ƙara gishirinsa, bai tsaya ya tambayi bakanike ko ɗaya ba. Waɗanda suka gaskata ban ga laifinsu ba. An ce maka mota ce ta lantarki, ka gan ta tana tafiya babu ƙara, me zai sa ka yi tunanin salansa?

A fili mai iska, mota a tsaye nesa da wurin kwana, haɗarin ƙarami ne, kuma sababbin motoci suna da matatar da ke rage gubar hayaƙi. Sai dai matatar ba ta aiki sosai sai ta yi zafi, injin da ke tashi yana mutuwa cikin dare kuwa yakan tashi da sanyi. Inda abin ke yin muni shi ne daidai abin da hoton ya nuna: tanti manne da ƙofar baya, tamfol an ɗaure shi daga bodi zuwa ƙasa don tare sanyin hunturu, ko salansa da ta nutse a yashi ko taɓo. Cikin gareji a rufe kuwa ba a ma maganarsa.

Wanda zai kwana da irin motar nan ya kafa tantinsa nesa da ita, aƙalla mita 6 kamar yadda ake shawarta game da janareta, ya ja wayar wuta zuwa can, ya lura iska ba daga salansa take busowa zuwa gare shi ba. Ya share busasshiyar ciyawa daga ƙarƙashinta, don salansa mai zafi na iya tayar da gobara a rani. Ya sayi ƙaramar na'urar gargaɗin kabon monoksaid mai aiki da batir ya rataye a tanti. Idan dole sai an kwana cikin motar, a kashe ta gaba ɗaya, a sassauta gilashi, a haƙura da esi. Wanda kuma ya tura saƙon nan zuwa wani zaure, ya koma can ya gyara.