Mizanin Gwanayen Besbol: Wa Ya Isa Zama Sahun Magabata?

Akwai wata mas'ala da mutanen Amurka ba su gajiya da jayayya a kanta, a majalisa da kasuwa da shafin jarida. Ita ce, cikin masu wasan besbol waɗanda ba su riga sun ajiye sanda ba, wane ne ya isa a ambaci sunansa tare da manyan magabata? Mas'alar ta wasa ce, amma malami da falke duk sun san irinta, gama tambaya ce a kan yadda za a auna darajar mutum alhali littafin cinikinsa yana buɗe. Mai karatu ya sani, lissafin duk da zai gani a nan ya tsaya ne a ƙarshen kakar wasa ta 2025.

Kafin a kai ga hukunci wajibi ne a san siffar wasan. Ƙungiya biyu ke karawa, kowacce da mutum tara a fili. Majefi yana tsayawa bisa ɗan tudu, ya wurgo wata ƙwallo mai tauri kamar girman lemo, wadda gudunta kan kai mil 100 a sa'a guda. Mabugi kuwa yana jiransa da sandar itace, nisan ƙafa 60 da inci 6. In ya sami ƙwallon sai ya sheƙa da gudu, ya bi zango uku ɗaya bayan ɗaya, ya komo gida, a rubuta wa ƙungiyarsa ci guda. In ya buga ta har ta tsallake katangar fili, sai ya zagayo ba mai tare shi. Wannan shi ne bugun ƙetare, shi ne abin alfaharin mabuga. In kuwa majefi ya sa shi ya kuskure sau uku, ya kore shi ke nan, yawan kora kuma shi ne abin alfaharin majefa. Manyan ƙungiyoyi 30 ne, an raba su rukuni biyu, Rukunin Amurka da Rukunin Ƙasa, kowace ƙungiya tana yin wasa 162 a shekara. A ƙarshen kaka kowane rukuni ya kan fid da Gwarzon Shekara, ya kuma ba gwanin majefansa lambar da a ke kira da sunan Cy Young.

A wani ƙaramin gari mai suna Cooperstown, cikin jihar Niyok, akwai gidan da a ke kira Zauren Shahararru. A 1936 aka fara zaɓen mutum biyar, su ne Ty Cobb, Babe Ruth, Honus Wagner, Christy Mathewson da Walter Johnson. Sharuɗɗan shiga ta hannun marubutan jaridu uku ne: mutum ya yi kaka goma yana wasa, ya shekara biyar da barin wasa, sa'an nan ya sami ƙuri'a 75 cikin ɗari. Amma mutanen Zauren sun haura 300, ba kuwa darajarsu ɗaya ba. Akwai jama'ar gida, akwai kuma sahun farko, watau irin su Ruth da Willie Mays da Hank Aaron da Ted Williams, waɗanda ba a buƙatar kawo hujja in an ambace su. A kan wannan sahun farko gardamar ta ke.

Fasali a kan mizani

Awo huɗu ne masana wasan su ke dora mutum a kai. Na farko ƙololuwa, watau iyakar fifikon da ya yi wa tsararsa sa'ad da ya ke kan ganiyarsa. Sandy Koufax ciwon gwiwar hannu ya sa shi barin wasa bayan kakar 1966 yana da shekara 30, da nasara 165 kaɗai, amma shekarunsa na ƙarshe ba majefin da ya kama ƙafarsa, aka shigar da shi Zauren a 1972.

Na biyu daɗewa. Hank Aaron bai taɓa yin bugun ƙetare 50 cikin kaka guda ba, amma shekara 20 a jere, daga 1955 zuwa 1974, bai kasa 20 ba, har ya tara 755. Dale Murphy kuwa ya zama Gwarzon Shekara a 1982 da 1983, mutane suna ganin ya gama shiga, sai ƙarfinsa ya yi ƙasa da wuri, ya tsaya a 398, marubuta ba su zaɓe shi ba. Saboda irin wannan ne Bahaushe ya ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Na uku zamani, gama kowace kasuwa da mudunta. Ruth ya yi bugun ƙetare 714, amma a zamaninsa ƙungiyoyi 16 ne, kuma an hana baƙar fata shiga har sai da Jackie Robinson ya buɗe ƙofa a 1947. Gwanaye irin su Josh Gibson a rukunan baƙar fata suka ƙare rayuwarsu, sai a 2024 aka haɗa lissafinsu da na sauran. Cy Young ya yi nasara 511 domin majefin zamaninsa shi ke fara wasa ya kai shi ƙarshe. Na yau ya fi shi zafin jifa, amma a kan canja shi tun wasa bai yi nisa ba. Wanda ya auna na yau da mudun jiya ya zalunce shi, haka kuma wanda ya auna na jiya da mudun yau.

Na huɗu amana. Barry Bonds ya fi kowa bugun ƙetare, 762, ya zama Gwarzon Shekara sau bakwai, amma saboda zargin amfani da magungunan ƙara ƙarfi ya shekara goma a takardar zaɓe, ya fita a 2022 da ƙuri'a 66 cikin ɗari. Riba in an yi shakkar ma'auninta ba ta sayen daraja.

Fasali a kan mutanen yau

Wanda ya kamata a fara da shi Shohei Ohtani ne, mutumin Japan, haihuwar 1994, wanda ya zo Amurka a 2018 bayan ya yi kaka biyar a ƙasarsu. Jifa da bugu sana'a biyu ne, kowacce ta kan cinye rayuwar mutum, shi kuwa ya haɗa su. A 2022 ya yi nasara 15 a matsayin majefi, ya kori mabuga 219, ya kuma yi bugun ƙetare 34. A 2024 aikin tiyata da aka yi masa a gwiwar hannu ya hana shi jifa, sai ya yi bugun ƙetare 54, ya saci zango 59, watau ya ruga zuwa zango na gaba sa'ad da majefi ke shirin jifa. Ba wanda ya taɓa haɗa hamsin da hamsin kafinsa. Ranar 17 ga Oktoba 2025, a karon da ƙungiyarsa Dodgers ta yi da Brewers, ya kori mutum 10 ba a ci shi ko ɗaya ba, ya kuma ƙetarar da ƙwallo sau uku, duk cikin dare guda. Ya zama Gwarzon Shekara sau huɗu, a 2021 da 2023 da 2024 da 2025, kowane karo kuwa ba mai zaɓe ko ɗaya da ya saɓa.

Idan mai tambaya ya ce, ai Ruth ya riga shi haɗa sana'o'in nan, sai a ce masa haka ne, amma shekara biyu ya yi yana haɗa su sosai, 1918 da 1919. Da ya koma ƙungiyar Yankees a 1920 sai ya saki jifa, sau biyar kaɗai ya sake hawa tudu. Waɗanda suka daɗe a kan aikin biyu su ne irin su Bullet Rogan a rukunan baƙar fata, adalci ne kuwa a ambace su. Idan kuma ya ce, ai kaka takwas kaɗai Ohtani ya yi a Amurka, da bugun ƙetare 280 da nasara 39, wannan hujja ce mai nauyi, awon daɗewa bai cika masa ba tukuna. Sai dai abin da ya riga ya aikata ba shi da tamka cikin shekara ɗari, kuma ciwo ko tsufa ba su iya goge shi. Don haka kujerarsa a sahun farko ta tabbata, abin da ya rage shi ne sanin inda za a kafa ta.

Na biyu Mike Trout na ƙungiyar Angels, haihuwar 1991. Daga 2012 zuwa 2019, shekara takwas, sau bakwai yana zuwa na ɗaya ko na biyu a zaɓen Gwarzon Shekara, ya ci a 2014 da 2016 da 2019. Yana da bugu, yana da gudu, yana da tsaron fili, har mutane suna gwada shi da Mays. Sa'an nan jiki ya ci amanarsa. Daga 2021 zuwa 2024 wasa 266 kaɗai ya yi cikin 648. Ya cika bugun ƙetare 400 a Satumba 2025. Masu suka su kan ce sau ɗaya ya taɓa kaiwa wasannin neman kambu, a 2014, aka kuwa cinye su wasa uku a jere. Amma mabugi ɗaya ne cikin tara, ba shi samun sanda sai layi ya zo kansa, Ted Williams ma har ya bar wasa bai ɗauki kambu ba. Laifin ayari ba a ɗora wa raƙumi guda. Trout ya cika awon ƙololuwa fiye da kima, awon daɗewa ne ya tauye. Shigarsa Zauren ba shakka a ciki, a sahun farko kuwa wurinsa yana can gefe, kusa da Mickey Mantle, wanda shi ma ciwo ya rage masa rabo.

Na uku Aaron Judge na Yankees, dogon mutum mai ƙafa 6 da inci 7. A 2022 ya yi bugun ƙetare 62, ya wuce 61 ɗin da Roger Maris ya kafa a Rukunin Amurka tun 1961. Sau huɗu yana haura 50, a 2017 da 2022 da 2024 da 2025, abin da Ruth da Mark McGwire da Sammy Sosa kaɗai suka yi kafinsa. A 2025 ya fi kowa yawan samun ƙwallo, cikin kowane tsayuwa dubu yana samun 331, ya zama Gwarzon Shekara karo na uku. Sai dai ya makara, kakarsa ta farko cikakkiya yana da shekara 25 ya yi ta, ya ƙare 2025 yana da 33 da bugun ƙetare 368. Ganiyarsa ta kai ta kowane mabugi na hannun dama da aka taɓa gani. In ya ƙara 132 ya cika 500, gardama ta mutu. In kuwa ƙarfi ya gudu da wuri, za a ajiye shi wurin da aka ajiye Koufax, ba kuwa ƙaramin wuri ba ne.

Cikin majefa, da Clayton Kershaw ya yi sallama da wasa bayan kakar 2025, tsofaffi biyu suka rage. Justin Verlander, haihuwar 1983, ya ci lambar Cy Young a 2011 da 2019 da 2022, ta ƙarshen yana da shekara 39, bayan tiyata ta zaunar da shi kakar 2021 duka. Sau uku yana gama wasa ba mabugin da ya sami bugu mai amfani a hannunsa. Ya tara nasara 266 da kora 3,553, mutum bakwai kaɗai suka fi shi kora. A da nasara 300 ita ce shaidar girma, mutum 24 suka kai, na ƙarshensu Randy Johnson a 2009. Amma bisa awon zamani, 266 a lokacin da a ke sauke majefi da wuri ta fi 300 ta da wuyar samu. Verlander ya isa a lissafa shi cikin manyan majefa na kowane zamani. Max Scherzer, mai lambar Cy Young uku, wanda ya kori mutum 20 cikin wasa guda a 2016, yana biye da shi da taki ɗaya.

Akwai waɗansu da gidan zai karɓe su da maraba, amma a sahu na biyu. Mookie Betts, Gwarzon 2018, ya ɗauki kambu sau huɗu, ya kuma tsare gurbi dabam-dabam a fili duk da kyau. Freddie Freeman, Gwarzon 2020, ya haura bugu 2,400. Juan Soto kuwa, haihuwar 1998, wanda ƙungiyar Mets ta ɗauka a Disamba 2024 a kan dala miliyan 765 na shekara 15, yana da bugun ƙetare 244 tun yana saurayi. Kowane ɗan kasuwa ya san kuɗin da a ke biya tun hatsi yana gona farashin tsammani ne, sai an kai rumbu a ke sanin gaskiyarsa. Hukuncin Soto sai a jinkirta.

To, ga yadda mizani ya tsaya a ƙarshen 2025. Mutum ɗaya, Ohtani, ya shiga sahun farko da abin da ba a taɓa gani ba. Trout da Verlander sun shiga da abin da suka riga suka ajiye, ko da ba su ƙara kome ba. Judge yana bakin ƙofa, shekaru uku ko huɗu masu zuwa su za su yanke masa. Ko Ohtani ɗin ma sai ya buga kakar 2027 zai cika sharaɗin kaka goma, bayan ya bar wasa kuma ya jira shekara biyar kamar kowa. Waɗanda suka kafa wannan jinkiri sun san zuciyar mai kallo ta kan rinjaya wajen abin da ido ya gani jiya, ta manta da wanda kunne ya ji daga kakanni. Mai karatu in ya ji ana wannan gardama, sai ya tambayi mai magana da wane awo cikin huɗun nan ya auna, zai tarar galibin saɓanin daga nan ya taso. Wasalam.